Allura, ashana ko roba: wacce ta dace da ke idan kina son hutun haihuwa?

Ƙanwata ta yi haihuwar fari a ƙarshen damina, aka kawo ta gida Tudun Wadar Kaduna wankan jego kamar yadda aka saba. Saura kwana shida ta yi arba'in ta koma ɗakinta a Rigasa, muna zaune da daddare tana ba yaron nono, ta ɗago kai ta ce, "Yaya, wai wanne zan yi?" Ban tambaye ta me take nufi ba. Aiki aka yi mata aka ciro yaron, likita ya ce ta huta shekara biyu, mijinta kuma ya riga ya amince. Zaɓi kawai ya rage, zaɓin kuwa ya rikita ta. Ƙawarta ta makaranta ta ce allura. Yayar mijinta ta ce kada ta kuskura ta sa ashana, wai yawo take yi a jiki. Wata maƙwabciyarsu ta ce ita roba ta sa, shekara huɗu ke nan ko ciwon kai ba ta yi.

Kowacce abin da ta gani ko ta ji ta faɗa mata, amma kowa da kiwon da ya karɓe shi. Na ce mata mu ajiye sunayen magani tukuna, ta ba ni amsar tambaya biyu. Yaushe kike son ciki na gaba? Wane irin canjin jinin al'ada za ki iya zama da shi bai hana ki sukuni ba? A kan waɗannan tambayoyi biyun ne hanyoyin suka rabu, kuma su ne ba a cika tsayawa a yi mana bayaninsu ba ranar da layi ya yi tsawo a asibiti.

Na san akwai wadda ba za ta ci gaba da karatu ba sai ta ji matsayin addini. Allah Ya ambaci shayarwa ta shekara biyu cikakku a aya ta 233 ta Suratul Baƙara. Hadisin Jabir, Allah Ya yarda da shi, da ke cikin Bukhari da Muslim ya nuna sahabbai suna yin azalu, wato zubar da maniyyi a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka. Majalisar malaman fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a 1988, ta halatta ba da tazara ta wani lokaci idan miji da mata sun yarda kuma babu cutarwa, ta hana yanke haihuwa gaba ɗaya ba da larura ba. Shi ya sa a nan Arewa muke cewa tazarar haihuwa ko hutun haihuwa, kalmar ƙayyade iyali ba ta taɓa kwanta mana ba. Duk hanyoyin da zan kwatanta a nan na wucin gadi ne, idan an daina haihuwa tana dawowa, ko nan take ko bayan jinkiri. Juya mahaifa daban take, ba maganar yarinya mai ɗa ɗaya ko biyu ba ce, don haka na bar ta.

Mafi yawanmu da shayarwa muke fara dogara, ni ma da ita na dogara har na yi kwanika, yarona na fari yana wata bakwai. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki, gaskiya ne, amma da sharaɗi uku, kuma sai sun haɗu duka: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Idan sun cika, alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna kusan mata 2 ne cikin 100 ke samun ciki a wata shidan. To amma a gidajenmu wace kaka ce za ta zuba ido cikin zafin Maris da Afrilu ba ta ɗura wa jariri ruwa ba? Ga kunu da ake farawa tun wata huɗu. Da zarar yaro ya rage tsotso, kariyar ta fara zubewa. Wani abin da ban sani ba a lokacin shi ne ƙwai yana riga jini fitowa, wato mace tana iya ɗaukar ciki ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba tun haihuwa. Hukumar tana ba da shawarar a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a nemi wani cikin, wata 6 kuma bayan ɓari. Shayarwa kaɗai ba za ta kai ki can ba.

Allura ita ce ta fi shiga bakin mata, kuma na gane dalili. Ba a tsaga fata, ba a duba gaba, minti biyu an gama. Akwai ta wata uku, Depo-Provera, akwai ta wata biyu, Noristerat, sai Sayana Press, ƙarama mai gajeren tsini da ake yi a ƙarƙashin fatar ciki ko cinya. Ita ma ta wata uku ce, kuma ana koya wa mace ta riƙa yi wa kanta a gida, abin da ya zama sauƙi ga wadda fita ke mata wuya ko asibiti ya yi mata nisa. Mai shayarwa tana iya farawa daga sati 6 bayan haihuwa, wato daidai arba'in, kuma ba ta rage ruwan nono. Cikin mata 100 da ke yin ta shekara guda, kusan 4 ke samun ciki, kuma yawanci saboda an makara ne ba a koma ba. Ta wata uku tana da rangwamen sati 4 idan an makara, ta wata biyu sati 2. Wucewa nan sai a ɗauka babu kariya.

Ga inda na ci wuya da ita. Bayan haihuwata ta biyu na yi allurar wata uku har shekara biyu. Da muka so wani cikin na daina, wata uku, wata shida, wata tara, shiru. Babu wanda ya gaya mini ranar da aka fara yi mini cewa haka take. Na kwana ina kuka ina cewa na kashe wa kaina mahaifa, na sha jiƙe-jiƙen da ban san iyakarsu ba, ga gugar zana daga dangin miji. A wata na goma sha ɗaya ciki ya shiga. Daga baya na san cewa wannan ba baƙon abu ba ne: a matsakaici, wadda ta bar allurar wata uku takan ɗauki ciki ne wata 10 bayan allura ta ƙarshe, wasu su wuce shekara. Ta wata biyu ta fi saurin sakin jiki, kusan wata 6. Allura ba ta hana haihuwa har abada, jinkiri ne kawai, kuma tsawon shekarun da aka yi ana yin ta ba ya ƙara jinkirin. Amma wata goma a gidan aure irin namu, ana kallon cikinki duk ranar biki da suna, ba ƙaramin abu ba ne. Saboda haka ra'ayina a fili yake: duk wadda ke son ciki nan da shekara ɗaya, ko wadda ba ta tsayar da lokaci ba, ta nemi wata hanya ba allura ba.

Sannan allura idan ta shiga ta shiga. Idan ba ta karɓe ki ba, babu mai ciro ta, sai kin jira watanninta sun ƙare. A farkon watanni jini yakan rikice, ɗigo yau, shiru gobe, wani lokaci ya daɗe. Zuwa shekara guda kusan rabin masu yin ta wata uku al'ada takan ɗauke musu gaba ɗaya. A nan ne ake cewa jinin yana taruwa a mahaifa zai zama ƙari. Ba ya taruwa. Shimfiɗar cikin mahaifa da ke kauri duk wata ta zube ita ce ba ta yin kaurin, don haka babu abin zubarwa, kamar dai lokacin goyo da al'ada ke ɗaukewa. Ƙiba kuwa gaskiya ce ga wasu, kilo 1 zuwa 2 a shekara a matsakaici. Tana kuma rage ƙarfin ƙashi kaɗan lokacin da ake yin ta, ya dawo bayan an daina.

Ashana, ko ashanar fata, ɗan siririn roba ne mai tsawon tsinken ashana da ake sawa a ƙarƙashin fatar damtse ta ciki, a hannun da ba ki cika aiki da shi ba. Ana fara yin allurar kashe zafi, a tura shi, a naɗe wurin. Implanon NXT tsinke ɗaya ne, yana shekara 3. Jadelle tsinke biyu ne, yana shekara 5. A ƙarfin kariya babu kamarta: kusan mace 1 cikin 1,000 ke samun ciki a shekara, domin babu mantuwa, babu makara, babu ranar komawa sai ta cirewa. Ana iya sawa tun ranar haihuwa kafin a sallame ki, mai shayarwa ma haka. Babban abin da ta fi allura da shi, a wurina, shi ne ranar da aka cire haihuwa ta dawo. Akwai waɗanda ke ɗaukar ciki a watan farko. Kuma shekara 3 ko 5 iyaka ce, ba wa'adin dole ba. Kina iya sa ta shekara biyar ki cire a shekara ɗaya da rabi idan ra'ayinku ya canza.

Maganar yawo a jiki fa? Ashanar da aka sa daidai tana nan inda aka sa ta, za ki ji ta da yatsa duk lokacin da kika shafa. Abin da ke faruwa shi ne wani lokaci a tura ta da zurfi fiye da kima, sai ta gusa ko ta yi wuyar ganowa ranar cirewa, kuma yin nisa sosai abu ne da ba kasafai ake gani ba. Maganin wannan a hannunki yake tun ranar farko: kafin ki tashi daga kan gadon, ki sa yatsa ki ji ta a gaban malamar da ta sa miki. Idan wata rana kika nema ba ki ji ba, ki koma. Implanon NXT ana ganin ta a hoton ƙashi, an yi ta ne da haka don irin wannan ranar.

Inda ashana ke gajiyar da mata shi ne jini. Ba ta da tsari, kuma babu mai iya gaya miki tun farko wane rukuni za ki faɗa. A masu sa Implanon, kusan 1 cikin 5 al'ada takan ɗauke, kusan 1 cikin 5 kuma jini yakan daɗe yana zuwa, sauran suna tsakiya, ɗan ɗigo jefi-jefi. Wadda ta faɗa cikin masu doguwar zuba ita ce za ki ji tana zagin ashana a gidan biki, kuma ba ƙarya take yi ba. Abin da ba ta sani ba sau da yawa shi ne akwai magungunan da malaman asibiti ke bayarwa na 'yan kwanaki su tsayar da zubar, kuma ga wasu abin yakan lafa bayan watannin farko. Idan bai lafa ba, haƙƙinki ne a cire. A nan nake da ƙorafi. Wata 'yar uwata ta yi sawu uku a wani asibiti tana roƙon a cire mata, ana ce mata ta ƙara haƙuri, ranar ta huɗu aka ce sai ta biya kuɗin kayan aiki. Irin wannan ne ke sa mace ɗaya ta hana mata ashirin zuwa. Don haka kafin a sa miki, ki tambaya baki da baki: idan na dawo ina son a cire, wa zai cire, wace rana ake yi, nawa zan biya?

Roba, wato robar mahaifa, ita ce aka fi tsoro kuma aka fi yi wa ƙarya. 'Yar ƙarama ce, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, an naɗe ta da siririn jan ƙarfe, ana sa ta cikin mahaifa ta gaba. Jan ƙarfen ne ke raunana maniyyi ya hana shi haɗuwa da ƙwai, ba zubar da ciki take yi ba. Babu sinadarin homon irin na allura, ashana da ƙwaya a cikinta ko kaɗan, shi ya sa ba ta sa ƙiba, ba ta taɓa nono, ba ta taɓa hawan jini, kuma al'adarki tana zuwa a kan lokacinta kamar da. Tana kai shekara 10, ƙasa da mace 1 cikin 100 ke samun ciki da ita a shekara, kuma ana cirewa haihuwa ta dawo nan take. Ana sa ta cikin awa 48 bayan haihuwa, idan an wuce haka sai a jira sati 4.

Kuɗin da ake biya mata shi ne yawan jini da ciwon mara, musamman wata uku zuwa shida na farko. Wannan ba abin wasa ba ne a wurinmu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na matan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Wadda tun asali al'adarta mai yawa ce, ko wadda aka yi wa ƙarin jini a haihuwa, ta auna jininta ta yi shawara kafin ta zaɓi wannan. Akwai wata robar mai ɗauke da homon maimakon jan ƙarfe, wadda ita rage jini take yi, ta fara shigowa asibitocin gwamnati a 'yan shekarun nan. Ba ko'ina ake samu ba, amma ki tambaya. Sai maganar sanyi. Roba ba ta haifar da ciwon sanyi da kanta, amma idan an sa ta alhali akwai ciwon a bakin mahaifa, tana iya taimaka masa ya hau sama a makonnin farko. Shi ya sa ake duba mace kafin a sa, kuma idan akwai ciwo a yi maganinsa tukuna, ita da mijin, in gidan da abokiyar zama har da ita. Zaren robar yana leƙowa kaɗan daga bakin mahaifa. Idan maigida ya ce yana jin shi, ana rage tsawonsa, ba sai an cire ba. Takan fito da kanta ga wasu 'yan kaɗan, galibi a watannin farko, don haka ana komawa a duba bayan al'ada ta farko. Ba ta zuwa zuciya, ba ta maƙalewa a kan jariri.

Abin da ke hana da yawa sa roba ba jini ba ne, kunya ce. Na fahimta. Amma wadda ta haihu a asibiti ta riga ta wuce abin da ya fi wannan, kuma kina da damar cewa mace kike so ta sa miki.

Ƙwaya ba zan daɗe a kanta ba, don halin mai sha ne ke yanke hukunci. Idan ke mai tsari ce, ba ki manta magani, tana da kyau ƙwarai: al'ada takan daidaita, ta ragu, ranar da kika daina kuma haihuwa ta dawo. Amma a yadda mutane ke shan ta a zahiri, da mantuwa da tafiye-tafiye, kusan 7 cikin 100 ke samun ciki a shekara. Iri biyu ce, kuma nan ake kuskure a kemis. Mai sinadari biyu, irin su Microgynon, ba ta dace da mai shayarwa ba sai yaro ya kai wata 6, kuma ba ta dace da mai hawan jini ko mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido ba. Mai sinadari ɗaya, irin su Microlut da Exluton, ita ce ta masu jego, sai dai tana son lokaci tsayayye, idan an wuce awa 3 an makara. Ki ɗaure ta da wani abin da ba ya wuce ki, kamar sallar isha'i, kin ga ko azumi ya zo ba sai kin canza lokaci ba. Postinor-2 kuwa ta gaggawa ce, ta ranar da aka yi kuskure, ba abin sha duk mako ba.

Kwaroron roba, kusan 13 cikin 100 a shekara. Azalu, kusan 20 cikin 100. Ƙirgen kwanaki yana yi wa mai tsayayyiyar al'ada aiki idan miji zai iya haƙuri a kwanakin, kuma 'yan uwanmu Katolika da yawa a Kakuri da Sabon Tasha da irinsa suke tafiya, suna lura da sauyin jikinsu. Amma mai jego da al'adarta ba ta daidaita ba, ba ta da abin ƙirgawa. Duka ukun a hannun miji suke fiye da hannun mace. Ga wadda sabon ciki zai zo mata da ɗan takura kawai, sun wadatar. Ga wadda aka yi wa aiki, ko ta yi jijjiga, ko ta zubar da jini har aka fid da rai, 20 cikin 100 caca ce da rai. Kwaroron roba yana da abu ɗaya da sauran duka ba su da shi: shi kaɗai ke kare cututtukan da ake ɗauka ta saduwa.

Yanzu in koma kan jini, domin a wurin Musulma ba maganar ƙunzugu kawai ba ce. Sallah ce, azumi ne, shimfiɗar miji ce. Na ga matan da suka cire ashana mai yi musu aiki lafiya lau saboda sun yi sati uku ba su yi sallah ba, zuciyarsu ta kasa ɗauka. Alhali fiƙihu ya riga ya warware wannan tun kafin a ƙirƙiro ashana. A mazhabar Malikiyya da aka fi bi a nan, mai sananniyar al'ada idan jini ya zarce kwanakinta takan ƙara kwana 3, muddin jimilla ba ta wuce kwana 15 ba. Abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, istihala, ta yi wanka ta yi sallarta, ta yi azuminta, mijinta ya kusance ta. Jinin da ke zuwa yana ɗaukewa yana da nasa lissafin, ki kai wa malamarki ta Islamiyya da kwanakin a rubuce ta warware miki. Idan kin san ke mai waswasi ce, rikicewar kwanaki za ta dame ki ko an yi miki fatawa, to roba mai jan ƙarfe ko ƙwaya mai sinadari biyu sun fi kusa da halinki, don su ba sa wargaza kalanda. Idan kuma ɗaukewar al'ada hutu ce a wurinki, allura da ashana ba za su ba ki tsoro ba.

Akwai larurorin da ke sauya lissafin gaba ɗaya, kuma dole ki faɗe su ko ba a tambaye ki ba. Maganin tarin fuka mai suna rifampicin da wasu magungunan farfaɗiya suna rage ƙarfin ƙwaya da ashana, amma ba sa taɓa allurar wata uku ko roba. Mai hawan jini mai tsanani, allura ma ba ta cika dacewa da ita ba, ashana ko roba sun fi. Mai sikila kuwa allurar wata uku tana iya rage mata yawan tashin ciwo, roba mai ƙara zubar jini kuma sai an yi taka-tsantsan. Wadda ta taɓa samun kansar nono ta nisanci duk mai homon. Kada ki yarda a yi miki allura ko a ba ki ƙwaya ba a ɗaura miki abin awon jini a hannu ba.

Sai amaryar da ba ta haihu ba tukuna, wadda wataƙila saura mata shekara ɗaya ta gama jami'ar KASU ko kwalejin Kadpoly, ko wadda aka aurar ba ta kai shekara 18 ba, jikinta bai gama ƙwari ba. Babu ɗaya cikin hanyoyin nan da ke sa rashin haihuwa, ko an taɓa haihuwa ko ba a taɓa ba. Amma ga abin da nake gani yana faruwa: cikin kowane rukunin ma'aurata akwai waɗanda dama za su sha jinkiri, ko daga wajen matar ko daga wajen mijin, kuma idan amarya ta taɓa shan ko ƙwaya ɗaya, a kanta za a ɗora laifin har abada. Saboda haka ita ce ta fi kowa buƙatar mijinta ya sani kuma ya yarda tun farko, kuma ita ce ta fi kowa dacewa da hanyar da ke saki nan take, ƙwaya ko kwaroron roba ko ashana. Allura ce ta ƙarshe da zan nuna mata.

Na san wasu suna zaɓar allura ne don ba ta barin alama, maigida ba zai sani ba. Ba zan yi wa mace mai 'ya'ya huɗu a shekara biyar wa'azi ba, ita ta san abin da take ciki. Amma ɓoyon yana da nasa nauyin: ranar da jini ya rikice ba ta da wanda za ta gaya wa, ranar komawa asibiti sai ta nemi dalilin fita. Maza da yawa da ake zaton za su ƙi, ba su taɓa jin bayanin daga bakin ma'aikacin lafiya ba ne, a majalisa kawai suke ji. Ranar rigakafin yaro na sati shida dama ce, ki ce ya raka ki.

Kayan tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati tun 2011, sai dai a wasu wuraren za a ce ki sayi kati, safar hannu ko abin gwajin ciki, wani lokaci kuma a ce wanda kike so ya ƙare. Jihar Kaduna tana da mazaɓu 255, kuma an tsara kowace ta samu cibiyar lafiya a matakin farko. Tun 2014 aka ba ma'aikatan lafiya na al'umma da suka samu horo izinin sa ashana da roba, don haka ba sai kin je babban asibiti ba. Idan kina da wata larura, ko ashana ta yi zurfi, akwai Yusuf Dantsoho a Tudun Wada, Barau Dikko a tsakiyar gari, asibitin Kawo, Gwamna Awan a Kakuri, na Zariya kuma ga Gambo Sawaba da Shika. Ko wacce kika zaɓa, ciwon mara mai tsanani, zazzaɓi da ruwa mai wari, jini mai gudaji da ke jiƙa ƙunzugu cikin awa guda, ciwon ƙirji ko kumburin ƙafa ɗaya, ba abin jira har gobe ba ne.

Ƙanwata ta yi shiru ta yi lissafinta. Shekara biyu zuwa uku take so, ba ƙasa da haka ba saboda ɗinkin da ke mararta. An ƙara mata jini leda biyu a haihuwar, don haka roba mai jan ƙarfe ta fita. Ta ce ita ta san kanta, maganin awo ma sai Umma ta tuna mata, ƙwaya ta fita. Tsakanin allura da ashana ta tambaye ni abu ɗaya, "Yaya, in na cire, sai yaushe?" Na gaya mata. Ranar Talatar da ta cika arba'in da biyu, kafin a mai da ta Rigasa, mijinta ya zo da Keke Napep muka tafi mu uku da yaron. Aka yi wa yaro rigakafinsa, aka auna jininta, aka sa mata mai tsinke ɗaya a hannun hagu. Ta sa yatsa ta ji ta kafin a naɗe, malamar ta rubuta mata watan cirewa a kati, mijin ya karɓa ya ɗauki hotonsa a waya don kada ya ɓata.